Lasisin wa'azi da zaman lafiyar mabiya addinai: abin da shekaru 40 na Kaduna suka nuna

A watan Satumba na 2025 gwamnatin Jihar Neja ta sanar cewa duk mai son yin wa'azi a jihar sai ya mallaki lasisi, kuma Gwamna Umaru Bago ya ƙara da cewa za a riƙa duba huɗubobi kafin a gabatar da su. Nan take muhawara ta ɓarke: wasu suka ce an daɗe ana jiran irin wannan mataki, wasu kuma suka ce gwamnati na neman sa wa malamai da fastoci takunkumi. Jama'a da yawa sun ɗauka sabon abu ne, alhali maƙwabciyarta Kaduna tana da irin wannan doka tun 1984, kuma daga lokacin zuwa yau ta gwada kusan duk dabarar da gwamnati za ta iya gwadawa don sasanta Musulmi da Kirista. Saboda haka wanda ke son ya auna ko irin waɗannan manufofi suna aiki, Kaduna ce wurin da zai fi samun abin aunawa.

Abin da tsarin mulki ya yarda da shi da abin da ya hana

Sassa uku na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ne kowane ɓangare ke kafa hujja da su. Sashe na 10 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ta ɗauki wani addini a matsayin addinin gwamnati. Sashe na 38 ya ba kowane mutum 'yancin bin addinin da ya ga dama, da sauya shi, da bayyana shi ko yaɗa shi, shi kaɗai ko cikin jama'a, a ɓoye ko a fili. Sashe na 45 kuwa ya ce ana iya yin dokar da za ta taƙaita wannan 'yanci domin tsaron ƙasa, da lafiyar jama'a, da kiyaye doka da oda, ko kare haƙƙin wasu, muddin dokar tana da hujjar da za ta karɓu a ƙasar da ke bin dimokuraɗiyya. Masu adawa da lasisi suna riƙe da sashe na 38, gwamnatoci kuma suna riƙe da na 45.

Akwai kuma bambancin da ake yawan cakuɗawa a muhawarar. Hukunta kalaman tunzura jama'a yana nufin a bar mutum ya yi magana, idan ya ingiza mutane su kai hari ko ya ci zarafin addinin wasu sai a gurfanar da shi, kuma dokar hukunta laifuffuka ta Arewa, wato Final Kod, ta tanadi wannan tun 1960. Lasisin wa'azi kuwa izini ne da ake nema kafin a buɗe baki, wanda ke nufin akwai wata hukuma da za ta iya cewa a'a tun ba a faɗi komai ba. Mutum zai iya goyon bayan na farko ɗari bisa ɗari ya kuma yi shakkar na biyu, kuma da yawa daga cikin masu sukar dokar a wannan matsayi suke.

Daga Maitatsine zuwa Kafanchan

Tunanin tantance masu wa'azi ya samo asali ne daga rikicin Maitatsine. A Disamba 1980 an kashe mutum fiye da 4,000 a Kano, sannan almajiransa suka sake tayar da tarzoma a Bulumkutu ta Maiduguri da Rigasa ta Kaduna a 1982, da Jimeta a 1984. A wannan yanayi ne gwamnatin soja ta Jihar Kaduna ƙarƙashin Usman Mu'azu ta kafa dokar tsara wa'azi a 1984. Abin lura shi ne dokar ta taso ne don magance fitina a cikin addini guda, ba rikici tsakanin addinai biyu ba.

Shekara uku bayan haka, a Maris 1987, saɓani kan wani wa'azi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya rikiɗe zuwa ƙone-ƙonen masallatai da coci-coci, wutar ta bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, wadda a lokacin tana cikin Jihar Kaduna. Wannan rikici ne da wa'azi ya tayar, wato abin da dokar ke tsarawa, amma dokar tana nan kuma ba ta hana shi ba. Abin da gwamnati ta yi shi ne yi mata kwaskwarima a 1987, aka sake yi mata a 1996. A matakin tarayya kuma, bayan ce-ce-ku-cen da ya biyo bayan shigar da Najeriya ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC a 1986, gwamnatin Babangida ta kafa majalisar ba da shawara kan harkokin addini mai wakilan Musulmi da Kirista daidai wa daida, sai dai rashin yarda tsakanin ɓangarorin bai bar ta ta yi wani aikin a zo a gani ba.

Zangon Kataf da abin da ke ƙarƙashin rigimar

Rikicin Zangon Kataf na Fabrairu da Mayu 1992 shi ne ya fito da iyakar wannan tunani fili, domin ba wa'azi ne ya tayar da shi ba. Musabbabinsa shi ne shirin mayar da kasuwa daga tsohon wurinta zuwa wani sabo, a ƙarƙashin wannan kuma akwai tsohuwar jayayya tsakanin Atyap da Hausawan garin kan gonaki, da kan wanda ke da iko da ƙasar, da kuma ƙorafin Atyap na kasancewa ƙarƙashin Masarautar Zazzau. Da yake mafi yawan Atyap Kirista ne, Hausawan kuma Musulmi, labarin da ya isa Kaduna da Zariya ya isa ne da rigar addini, aka kuma yi ramuwar gayya a kan mutanen da ba su taɓa taka Zangon Kataf ba.

Kotun musamman ta Mai Shari'a Benedict Okadigbo ta yanke wa wasu shugabannin Atyap hukuncin kisa, ciki har da Manjo Janar Zamani Lekwot mai ritaya, daga baya aka sassauta hukuncin zuwa ɗauri aka kuma sake su. Har yau ɓangarorin biyu ba su yarda da abu guda kan wannan shari'a ba. Mutanen Kudancin Kaduna da dama suna ganin an yi ta ne da son kai, Hausawan da suka rasa 'yan uwansu kuma suna ganin sakin waɗanda aka samu da laifi ya nuna jininsu ya tafi a banza. Hukuncin da bai gamsar da kowa ba ya zama wani sabon abin ƙorafi da ake gadar wa 'ya'ya.

Gwajin Makarfi

Mafi munin rikicin da birnin Kaduna ya gani shi ne na Fabrairu da Mayu 2000, lokacin da muhawara kan ƙaddamar da Shari'a, wadda Zamfara ta fara, ta koma faɗa. Hukumar binciken da gwamnatin jiha ta kafa ta ce mutum 1,295 ne suka mutu, ƙungiyar Human Rights Watch kuwa ta ce adadin bai gaza 2,000 ba. Matakin da Gwamna Ahmed Makarfi ya ɗauka bayan haka ya sha bamban da na magabatansa, domin ya taɓa tsarin mulkin jihar kansa. A Nuwamba 2001 aka soke kotunan yanki, aka maye gurbinsu da kotunan Shari'a ga Musulmi da kotunan al'ada ga waɗanda ba Musulmi ba, kotunan majistare kuma suka ci gaba da aikinsu. An ƙirƙiro sababbin masarautu ga ƙabilun kudancin jihar, ƙari a kan waɗanda gwamnatin Lawal Ja'afaru Isa ta ƙirƙiro a 1995, aka kuma buɗe ofisoshin harkokin addini guda biyu, ɗaya na Musulunci ɗaya na Kiristanci. Ta haka Musulmi suka samu kotunan da suke nema, waɗanda ba Musulmi ba suka samu tabbacin ba za a kai su gaban alƙalin Shari'a ba, ƙabilu da yawa kuma suka samu sarakunan kansu.

A ranar 22 ga Agusta 2002 malamai 11 da limaman Kirista 11 suka sa hannu kan Yarjejeniyar Zaman Lafiya ta Kaduna, bisa ƙoƙarin Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, mutum biyu da a da suke gaba da juna, har Wuye ya rasa hannunsa a rikicin 1992. Wata uku kacal bayan sa hannun, rubutun da jaridar ThisDay ta buga kan gasar sarauniyar kyau ta duniya ya jawo tarzomar da ta ci rayuka kusan 250. Masu ganin irin waɗannan yarjejeniyoyi ba su da amfani sukan kawo wannan misali. Masu kare su kuma sukan nuna cewa bayan 2002 birnin ya yi shekara takwas da 'yan kai ba tare da babban rikici ba, har a lokutan da ake fargaba, kamar Fabrairu 2006 da aka yi tarzoma kan zanen ɓatanci a Maiduguri, da 2008 da 2010 da Jos ta kama da wuta. Duka hujjojin biyu gaskiya ne, sai dai zai yi wuya a raba rabon yarjejeniyar da rabon gyaran kotuna da masarautu, da kuma wani dalili na uku da ba a cika son ambata ba.

Kogin da ya zama iyaka

Dalilin na uku shi ne mutane sun rabu. Bayan 2000 da 2002, Kirista da yawa suka bar unguwanni irin su Tudun Wada da Rigasa da Kawo suka ƙetare kogin Kaduna zuwa unguwannin kudancin birnin irin su Sabon Tasha da Television da Narayi da Romi, Musulmin da ke kudu kuma suka yi ƙaura zuwa arewa. Wasu sun sayar da gidajensu a farashin da bai kai rabin darajarsu ba, wasu sun yi musaya gida da gida. A yau ma'aikaci zai ƙetare gada da safe ya yi aiki ofis ɗaya da abokinsa na ɗaya addinin, su ci abinci tare, amma da la'asar ta yi kowa ya kama hanyar ɓangarensa, kuma mai neman haya yakan ji dillali ya fara tambayar sunansa kafin ya faɗa masa kuɗin ɗaki. Yaron da aka haifa a Rigasa ko a Romi bayan 2002 zai iya gama firamare da sakandare bai taɓa zama benci ɗaya da ɗan wani addini ba.

Wannan yana da muhimmanci wajen auna manufa, domin idan ƙididdigar gawarwaki kaɗai aka duba, za a ce an yi nasara, alhali wani kaso na shirun ya samu ne saboda maƙwabtan da za su yi faɗa ba sa maƙwabtaka kuma. Babu wata gwamnati da ta tsara wannan rabuwa, amma kuma babu wadda ta yi wani babban shiri na gidaje ko makarantu da ya isa ya juya ta. Da rikicin bayan zaɓen Afrilu 2011 ya zo, wanda ya ci rayuka fiye da 800 a Arewa kuma mafi yawansu a Jihar Kaduna, kisan ya fi muni ne a garuruwa irin su Zonkwa da Kafanchan, inda tsiraru ke zaune a tsakiyar masu rinjaye, dubban waɗanda suka tsira kuma suka yi zaman gudun hijira a sansanin alhazai na Mando.

Dokar wa'azi ta zamanin El-Rufai

Gwamna Nasir El-Rufai ya aika wa majalisar dokoki ƙudirin sabunta dokar 1984, muhawara a kansa ta yi zafi a 2016. Daftarin farko ya tanadi lasisin shekara ɗaya, ya ba Jama'atu Nasril Islam (JNI) da ƙungiyar Kiristocin Najeriya ta CAN aikin tantancewa, ya kuma hana amfani da lasifika a bainar jama'a bayan ƙarfe 8 na dare. Suka ta fito daga ɓangarorin biyu. Musulmi suka tambayi makomar tafsirin azumi da ake yi bayan isha'i da sallar tahajjud, Kirista suka tambayi makomar addu'ar kwana a coci da wa'azin kan titi, ƙungiyoyin da ba sa ƙarƙashin JNI ko CAN kuma suka ce an miƙa wuyansu ga abokan hamayyarsu.

Majalisa ta zartar da dokar a Yuni 2019 bayan gyare-gyare: haramcin lasifika ya koma daga ƙarfe 11 na dare zuwa 4 na asuba, aka tanadi majalisar haɗin gwiwar addinai a matakin jiha da kwamitoci a ƙananan hukumomi 23, hukuncin saɓawa kuma ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba ko tarar da ba ta wuce Naira 200,000 ba. A cikin wannan wata, Babbar Kotun Jihar Kaduna ƙarƙashin Mai Shari'a Hajara Gwadah ta yanke hukunci a ƙarar da ƙungiyar coci-cocin Pentikostal ta PFN ta shigar, inda ta ce shirin tantance fastoci da ba su lasisi ya saɓa wa haƙƙoƙin da tsarin mulki ya ba su. Duk da haka a 2021 gwamnati ta rantsar da majalisar haɗin gwiwar addinan ƙarƙashin jagorancin Munir Ja'afaru.

Hujjar gwamnati ba ta da rauni. Daga Maitatsine zuwa Muhammad Yusuf na Boko Haram, an ga yadda mai wa'azi guda ke tara dubban matasa a idon hukuma har abin ya fi ƙarfinta, kuma likita ko lauya ba ya aiki sai an tantance shi. Hujjar masu adawa ita ma tana da ƙarfi. Wanda ya yi niyyar tayar da fitina ba zai je layin karɓar fom ba, kuma a yau wa'azin da ya fi yaɗuwa yana tafiya ne ta WhatsApp da TikTok da Facebook, inda lasisin ƙaramar hukuma ba ya isa. Wanda dokar za ta fi kamawa shi ne ƙaramin limamin unguwa ko faston ƙauye da ya soki shugaban ƙaramar hukuma. Akwai kuma haɗarin rashin wayar da kai: a wannan watan na Yuni 2019, a Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, kama wani limami da ya soki daftarin dokar tsara ibada ya jawo zanga-zangar da aka ƙona coci a cikinta, bayan an sako shi kuma ya ce gurguwar fassarar daftarin aka yi masa.

Hukumomin sulhu da batun yarda

A 2017 jihar ta kafa Hukumar Zaman Lafiya ƙarƙashin Akbishop Josiah Idowu-Fearon, a 2020 kuma aka tara manyan malamai da limaman Kirista a wani zaure na tuntuɓa. A tarayya akwai majalisar tuntuɓar juna tsakanin addinai ta NIREC tun 1999, wadda Sarkin Musulmi da shugaban CAN ke jagoranta tare. Amfanin irin waɗannan hukumomi yakan bayyana ne a sa'o'in farko na tashin hankali, lokacin da limami ke da lambar wayar fasto kuma zai iya kiransa ya tabbatar ko jita-jitar da ke yawo gaskiya ce. Rauninsu shi ne shawara kawai suke bayarwa, kuɗin tafiyar da su daga gwamnati yake fitowa, kuma manyan da ke zama a ciki ba su ne matasan da ke tare hanya ba.

Ƙarfinsu kuma ya dogara da yadda jama'a ke kallon gwamnatin da ta kafa su. Gwamnatin El-Rufai ta daina biyan kuɗin kujerun Hajji da na ziyarar Urushalima, ta sauya sunayen wasu masarautu daga na ƙabila zuwa na wuri, ta kuma sanar da soke bambanci tsakanin ɗan asali da baƙo. A wurinta duk wannan daidaita 'yan jiha ne. Da yawa daga mutanen kudancin jihar kuwa sun ɗauki sauya sunayen a matsayin share tarihinsu, musamman da ya zo kusa da rikicin Kasuwan Magani na Oktoba 2018 da ya ci rayuka 55 da kisan sarkin ƙabilar Adara, Agom Adara Maiwada Galadima, sannan a zaɓen 2019 gwamnan ya ɗauki Musulma, Hadiza Balarabe, a matsayin mataimakiya, ya bar al'adar raba kujerun biyu tsakanin addinai. Magoya bayansa sun ce cancanta aka duba kuma ita ma 'yar kudancin jihar ce, masu suka sun ce an rufe wa Kirista ƙofa. Ko wane ne ke da gaskiya, sakamakon shi ne manufofi da dama sun isa ga rabin jama'a a lokacin da ba su shirya yarda da mai kawo su ba.

Giɓin hukunci

A nan ne tarihin Kaduna ya fi nuna gazawa. Kusan kowane babban rikici an kafa masa hukumar bincike, amma rahoto ba ya zama aiki sai gwamnati ta fitar da farar takarda, wato matsayarta a rubuce kan shawarwarin da ta karɓa da waɗanda ta ƙi. Sai a 2020 aka kafa kwamitin rubuta farar takarda kan rahoton hukumar Mai Shari'a Rahila Cudjoe game da Zangon Kataf, shekara 28 bayan rikicin. Rahoton Human Rights Watch na Disamba 2013 kan Kaduna da Filato ya gano cewa shaidu sun kai wa 'yan sanda sunayen waɗanda suka kashe musu dangi, amma ƙalilan ne aka gurfanar. Ko a cikin addini guda haka abin yake: hukumar Mai Shari'a Muhammad Lawal Garba ta tabbatar an binne mutum 347 a kabari ɗaya bayan arangamar sojoji da mabiya Shi'a a Zariya a Disamba 2015, ta kuma ba da shawarar a gurfanar da sojojin da ke da hannu, shawarar da ba a aiwatar ba. Matar da ke ganin wanda ya kashe mijinta yana cin kasuwa kowane mako ba taron sulhu a otal zai kwantar mata da hankali ba, kuma ɗanta yana tasowa da sanin cewa kotu ba ta karɓar masa haƙƙi.

Abin da talaka zai gani a Neja da sauran jihohi

Ga mazaunin unguwa, amfanin da ya fi kusa shi ne sauƙin hayaniyar lasifika da dare, da samun wurin kai ƙara idan wani baƙon mai wa'azi ya fara zagin maƙwabta. Ga ƙaramin malami ko fasto kuwa, nauyin zai zo ta kuɗin fom da zirga-zirga zuwa hedikwata da jiran amsa, kuma idan 'yan wata ɗariƙa ko ƙungiya suka mamaye kwamitin tantancewa, saɓanin Izala da ɗariƙu ko na tsofaffin coci-coci da na Pentikostal zai iya shigowa ta ƙofar hukuma. Lokacin zaɓe ne haɗarin ya fi girma, domin huɗubar da ta taɓa tsadar rayuwa ko rashin tsaro tana iya zama dalilin janye lasisi. Abin da zai bambanta dokar da ke kare jama'a da wadda ke kare masu mulki yana cikin ƙananan tanade-tanade ne: ko an rubuta laifuffukan ƙarara yadda kowa zai gane, ko wanda aka hana za a ba shi dalili a rubuce, ko yana da damar ɗaukaka ƙara zuwa kotu cikin ƙayyadadden lokaci, ko kuma ƙananan ƙungiyoyi da mabiya addinin gargajiya suna da kujera a kwamitin. Tun da akwai hukuncin Babbar Kotun Kaduna na 2019, duk jihar da ta tilasta lasisi tana iya fuskantar irin wannan ƙara, ko da yake hukuncin babbar kotun wata jiha bai ɗaure kotunan wata ba, sai kotun ɗaukaka ƙara ko Kotun Ƙoli ta yanke magana.